Babi na Shida: Na Gaba da Na Gefe

Tambayi ɗalibin likitanci inda sunan furostet ya samo asali, da wuya ya yi jinkirin ba ka amsa. Zai ce kalmar Girkanci ce, ma'anarta mai tsayuwa a gaba ko mai gadi, kuma wani likita da ake kira Herofilus ne ya raɗa ta a birnin Iskandariyya shekara kusan 2,300 da suka wuce, don ya ga wannan ƙullutun nama ya tsare bakin mafitsara. Haka yake a littattafai da dama, haka malamai suka yi ta karantarwa. Labarin yana da daɗin faɗa, ga sauƙin haddacewa ranar jarrabawa. Sai dai rabinsa ne kawai gaskiya. Kalmar ta Girkawa ce, ba ja. Amma ba Herofilus ya raɗa ta ba, kuma a rubuce-rubucen likitocin Girka na dā da suka iso mana ba a sami inda aka kira wani sashen jiki da ita ba.

Kafin rigimar suna, mu san mai sunan tukuna. Furostet yana can ƙasan mara, daidai ƙarƙashin mafitsara, bayan ƙashin gaba, gaban dubura. A jikin saurayi bai fi ƙwarar goro ba, nauyinsa wajen giram 20. Abin da ya mayar da shi abin magana shi ne hanyar fitsari ba ta gefensa ta bi ba, tsakiyarsa ta ratsa: santimita 3 na farko na bututun da ke fita daga mafitsara duk a cikinsa suke. Aikinsa kuwa bai shafi fitsari ba ko kaɗan. Wani ruwa yake haɗawa fari-fari, wanda ke zama kusan rubu'in maniyyi, a cikinsa akwai sinadarin da ke tsinka maniyyin bayan ya yi kauri domin ƙwayoyin haihuwa su sake su yi iyo. Wannan sinadarin ne ake nema a jini idan likita ya rubuta gwajin PSA. A bayan mafitsara kuma, sama da furostet kaɗan, akwai wasu 'yan jakunkuna biyu masu murɗe-murɗe, ɗaya dama ɗaya hagu, kowacce tsawonta wajen santimita 5. Su ke ba da mafi yawan ruwan maniyyi, kusan kashi biyu cikin uku. Mai karatu ya riƙe jakunkunan nan a ransa, don da su za a yi shari'ar.

An haifi Herofilus wajen shekara ta 335 kafin haihuwar Annabi Isa (AS) a garin Kalsedon, wanda yau ya zama unguwar Kadikoi a ɓangaren Asiya na birnin Istanbul. A Iskandariyya ya yi aikinsa, zamanin sarakunan farko na gidan Tolemi, waɗanda suka ba likitoci izinin da babu wanda ya taɓa samu a ƙasar Girka: su feɗe gawar mutum su duba. Shi da abokin zamaninsa Erasistratus sun ci moriyar wannan dama, ba ta kuma daɗe ba aka rufe ƙofar, ba a sake buɗe ta sosai ba sai bayan shekara fiye da 1,500, lokacin da Mondino ya fara feɗe gawa gaban ɗalibai a Bolonya ta Italiya wajen 1315. Herofilus gwanin raɗa suna ne. Shi ya auna farkon ƙaramin hanji ya kira shi mai yatsu goma sha biyu, sunan da Larabawa da Turawa suke amfani da fassararsa har yau. To da ya zo kan kayan haihuwar namiji, ya ga wasu abubuwa bibbiyu a jere kusa da hanyar maniyyi, sai ya kira su parastatai. Ya raba su gida biyu: masu kama da kumburarrun jijiyoyi, da masu kama da kaluluwa. Na biyun nan, a fahimtar yawancin masanan da suka bi diddigin maganar, su ne jakunkunan nan biyu na bayan mafitsara.

Parastates, tilon kalmar ke nan, sunan fagen daga ne. Mayaƙan Girka a sahu suke yaƙi, kafaɗa da kafaɗa, garkuwar kowa tana kare rabin jikin na hagunsa. Wanda ke tsaye a gefenka shi ne parastates ɗinka, kuma samarin Atina idan za su shiga aikin soja, cikin abin da suke rantsuwa a kai har da cewa ba za su gudu su bar shi ba. Para gefe ke nan, sauran kalmar kuma tsayuwa. Sunan ya zauna wa jakunkunan daram: biyu ne, a gefe suke, mataimaka ne.

Prostates wani mutum ne daban. Pro gaba ne, shi kuwa wanda ya tsaya a gaba a wurin Girkawa shugaba ne ko majiɓinci. A littafin tsarin mulkin Atina da ake jingina wa Aristotal, manyan 'yan siyasa irin su Ferikilis an kira su prostates na talakawa, wato jagoransu. Akwai kuma ma'ana ta shari'a. Baƙon da ya zo Atina ya zauna yana sana'a ba ɗan gari ba ne, dole ya sami wani ɗan ƙasa da zai tsaya masa, a rubuta sunansa a ƙarƙashinsa; wannan mai tsaya masan shi ne prostates ɗinsa, kuma baƙon da ba shi da kowa ana iya kai shi kotu a kan haka kaɗai. Kalma ce ta fada da kotu da majalisa. Likitoci ba su taɓa ta ba. Wasu masana biyu na birnin Kolon a Jamus, likitan hanyar fitsari Franz Josef Marx da masanin tarihin likitanci Axel Karenberg, sun bi tsoffin rubuce-rubucen ɗaya bayan ɗaya, suka wallafa abin da suka samu a 2009, kuma hukuncinsu ke nan.

Yaya aka yi na gefe ya koma na gaba? Littattafan Herofilus ko ɗaya bai tsira ba. Abin da muka sani game da shi daga bakin waɗanda suka zo bayansa ne, musamman Jalinus, wanda aka haifa a 129 a Fergamon ya zama likitan Sarkin Rum Markus Aureliyus. Jalinus ya rubuta littattafai kamar ba gobe, Hunainu ɗan Ishaƙ da almajiransa suka juya su zuwa Suryananci da Larabci a Bagadaza a ƙarni na 9, daga baya Turawa suka juya su zuwa Latin. Shekara fiye da dubu maganarsa ce yankan hukunci. Matsalar ita ce Jalinus bai feɗe mutane ba. Birai ya feɗe, da aladu da shanu da tumaki da awaki, ya ɗauki abin da ya gani ya ɗora wa ɗan Adam. A wasu gaɓoɓin wannan bai yi ɓarna ba. A nan ya yi, domin babu inda dabbobi suka saɓa wa juna kamar kayan haɗa maniyyi. Kare yana da furostet ƙato, amma ba shi da jakunkunan nan sam. Sa yana da manyan jakunkuna da ɗan guntun furostet. Rago da bunsuru kuwa nasu furostet ɗin ba dunƙule yake ba, a baje yake cikin bangon bututun fitsari, ido ba ya ganinsa a matsayin abu guda.

Duk wanda ya taɓa tsugunawa wajen fiɗar ragon layya zai iya gwada wannan da kansa. Mahauci zai zaro tumbi da hanji, ya ware hanta, ya cire matsarmama a hankali kada ta fashe, ga saifa, ga ƙoda, ga huhu, ga mafitsara an yanke an jefar. Kowanne da sunansa, yara ma sun sani. Furostet ba zai fito cikin faifan ba, don ba ya nan a siffar da za a ɗaga a nuna. Sunayen kayan ciki da yawa daga wuƙar mahauci aka samo su kafin ta likita, kuma ina ganin wannan na cikin dalilan da suka sa al'ummomi da yawa, har da mu, suka rayu ba su raɗa wa wannan gaɓa suna ba. Ciwonta dai an san shi. Azzahrawi, likitan Ƙurɗuba, wajen shekara ta 1000 ya bayyana bututun azurfa da ake zura wa wanda fitsari ya ƙi fita. An san maganin gaggawar tun ba a san mai laifin ba.

Wanda aka fi ba lambar fara bayyana furostet na mutum shi ne Nikolo Massa, likitan birnin Benis, a littafinsa na 1536. Bayan shekara biyu Andreas Besaliyus, malami a jami'ar Fadua, ya fitar da zanensa. Besaliyus bai ba shi wani suna na ƙawa ba, ya kira shi da Latin jiki mai kama da kaluluwa, ya wuce. Amma zamanin na komawa ga Girkanci ne, masanin da bai jingina maganarsa ga magabata ba ba a ɗaukarsa da nauyi. Aka koma cikin Jalinus ana neman sunan wannan sabon abu, aka tarar da parastatai masu kama da kaluluwa a daidai unguwar, aka ce ai su ne. A hanya para ta rikiɗe ta zama pro. Kalmar ta bayyana tun 1549 a rubutun Ambruwaz Fare, wanzamin nan na Faransa da ya zama babban likitan tiyatar sarakuna, wanda da Faransanci yake rubutu don bai yi karatun Latin ba. Wanda ya kafa ta a bakin malamai shi ne Andre du Loran, malamin jami'ar Momfeliye kuma likitan Sarki Henri na Huɗu, a babban littafinsa na 1600 da aka yi ta sake bugawa. Ya rubuta prostatae.

Kuskure uku ke cikin wannan 'yar kalma. An ɗauko sunan wata gaɓa an ba wata. An mayar da kalmar namiji ta mace, abin dariya ga gaɓar da ta maza ce. An kuma bar ta a jam'i, wato an ɗauka furostet biyu ne. Na ukun nan ya fi ba ni mamaki, don mutanen nan gawa ce a gabansu, wuƙa a hannunsu. Gaskiya ne akwai ɗan kwari a bayan furostet da ya raba shi dama da hagu, wanda likita ke ji da yatsa idan yana dubawa, saboda haka mai son ganin biyu zai sami hujja. Amma abin da ya sa suka so ganin biyun shi ne littafi ya ce biyu. Sai a ƙarni na 18 magana ta fara daidaita a kan cewa gaɓa ɗaya ce. Ana danganta yaɗuwar tilon kalmar a Turanci ga likitan tiyata na Landan Wiliyam Cheselden. A 1761 Morgani, dattijon malamin Fadua, ya fitar da littafinsa da ya gina a kan binciken gawa wajen 700, ya nuna yadda kumburin wannan gaɓa ke toshe wa tsofaffi fitsari.

Kafin a farga, sunan ya yi jijiya, har an fara fassara shi. Jamusawa suka ce Vorsteherdrüse, ƙullutun shugaba. Rashawa da mutanen Holan suka yi irin wannan. Japanawa suna cewa zenritsusen, mai tsayuwa a gaba, Sinawa kuma suna da tasu da ke nufin na sahun gaba. Larabawa sun aro kalmar yadda take, burustata. Kowa ya gina a kan harafi biyu da suka zame.

A nan zan ɗan kare sunan, don sa'a ta taimake shi. Ga mutum a tsaye, furostet ba gaban mafitsara yake ba, ƙarƙashinta yake. Amma likitocin wancan zamani ba ta sama suke zuwar wa mafitsara ba. Masu cire tsakuwar mafitsara ta ƙasa suke yanka, tsakanin maraina da dubura, mai zura bututu kuma ta hanyar fitsari yake bi. Ta kowacce aka bi, furostet ake fara tararwa. Ma'aikacin jinyar da ya taɓa saka wa dattijo robar fitsari ya san wurin: robar tana tafiya sumul, sai ta cije, sai ya ce wa baba ya ja numfashi ya saki jiki, a ɗan dakata, a tura a hankali, sannan fitsari ya zubo cikin jaka. Wurin cijewar nan mai tsaron ƙofa ne da gaske. Wannan ya sa ba wanda ya ga dalilin tuhumar sunan har shekara ɗari huɗu. Kama da wane ba ta wane, amma kamar ta isa.

Da a nan maganar ta tsaya, da sai a ce tsautsayi ne na zamanin rubutun hannu. Sai ga shi an maimaita ta a ɗakin bincike na ƙarni na 20, tsakanin gaɓoɓin nan biyu dai. A 1930 wasu likitoci biyu a Niyok, Kurzrok da Lieb, sun lura cewa maniyyi yana sa tsokar mahaifa ta tsuke ko ta saki. Moris Goldblat a Ingila da Ulf fon Ila a cibiyar Karolinska ta Suwidin suka bi sawun abin kowa da kansa, suka tabbatar akwai wani sinadari mai ƙarfi da ke motsa tsoka yana kuma saukar da hawan jini. A 1935 fon Ila ya raɗa masa suna prostaglandin, don ya ɗauka daga furostet yake fitowa. A 1959 wani ɗan ƙasarsa, Rune Eliason, ya nuna cewa na cikin maniyyin mutum daga jakunkunan nan biyu yake. Sune Bergstrom, wanda ya tace sinadarin har aka gane siffarsa, daga jakunkunan raguna ya yi ta tatso shi. Wato karo na biyu ke nan na gaba ya ci gadon na gefe: da farko ya karɓe musu suna, yanzu ya karɓe musu aiki. Su kansu jakunkunan, sunan da aka bar musu da Latin yana nufin ma'ajiyar maniyyi, alhali tun 1786 Jon Hanta ya yi musun cewa ajiya suke yi. Haɗa ruwa suke, mai sukarin da ƙwayoyin haihuwa ke ci.

Daga baya ma aka gane prostaglandin ba na maza ba ne, kusan kowane sashen jiki yana yin nasa, mace da namiji. Shi ke kawo zafi da kumburi a wurin rauni, shi ke hura zazzaɓi, shi ke murɗa marar mace lokacin al'ada, yana kuma cikin masu tayar da naƙuda. A 1971 Jon Ben ya gano cewa asfirin hana jiki haɗa shi yake yi, shi ya sa yake kashe ciwo. Shi da Bergstrom da Bengt Samuelson suka raba kyautar Nobel ta 1982. Ƙwayar misoprostol da ake ba mai jego don tsayar da zubar jini bayan haihuwa, wadda ta yi amfani ƙwarai a asibitocin karkara saboda ba ta bukatar firij ko allura, 'yar gidan ce. Duba tsakiyar sunanta za ka ga prost a zaune.

Duk wannan bai kashe kowa ba. Bature ko ya san asalin kalmar ko bai sani ba, idan an ce furostet ya san ba mafitsara ake nufi ba. Namu rikicin ne yake da haɗari. Da yake ba mu gaji sunan gaɓar ba, sai muka yi abin da malaman ƙarni na 16 suka yi, muka ara daga maƙwabci. Lokacin da aka yi wa Sarki Charles na Ingila aikin kumburin furostet a Janairun 2024, da lokacin da aka sanar a Mayun 2025 cewa tsohon shugaban Amurka Joe Biden yana da sankarar furostet da ta kai ga ƙashi, kalmar da ta fi yawo a labaran Hausa ita ce mafitsara. Ban ga laifin mai fassara sosai ba: minti biyu gare shi, kuma kunya ba za ta bar shi ya tsaya kwatance a rediyo ba. Amma suna linzami ne, inda ya ja nan hankali ke bi. Sankarar mafitsara cuta ce mai zaman kanta, tana kama mata ma, ba maza kaɗai ba, babbar alamarta jini a fitsari, kuma a ƙasashenmu tana da alaƙa da tsargiya, wadda yara ke ɗauka a kududdufi da madatsun ruwa da gonakin rani, ƙwan tsutsar ya yi shekaru yana cin bangon mafitsara. Dalilinta daban, gwajinta daban, maganinta daban.

Ko a cikin furostet ɗin kansa akwai cuta biyu da ake haɗawa a bakin mutane. Jon Maknil, masanin cututtuka a Amurka, ya nuna tun daga 1968 cewa gaɓar shiyya-shiyya ce. Shiyyar ciki, wadda ta rungumi bututun fitsari, ita ke kumburin tsufa. Wannan ba sankara ba ce, kuma kusan gadon maza ne: wajen rabin masu shekara 60 suna da ita, cikin waɗanda suka haura 80 kuwa takwas ko tara cikin goma. Ita ce mai tayar da dattijo sau da yawa cikin dare, ta sa fitsari ya riƙa fita siriri, a gama a ji kamar ba a gama ba, ɗigo ya ɓata alwala. Tana da hayaniya, don haka ana kai ta asibiti. Sankara kuwa, wajen bakwai cikin goma daga shiyyar waje take farawa, ta baya, nesa da bututun. Tana iya shekaru tana girma fitsari yana fita lafiya lau. Mutumin da aka koya masa cewa ciwon na mafitsara ne zai auna lafiyarsa da fitsarinsa, ya ce shi kam alhamdu lillahi, har ranar da ciwon baya ko na ƙugu da ya ƙi jin magani zai kai shi hoto a ga ta shiga ƙashi.

Ita ce sankarar da ta fi kama maza a Najeriya, kuma da yawa sai ta yi nisa suke isa asibiti. A Birtaniya, inda ake da lissafi mai kyau, namiji ɗaya cikin takwas ne ake sa ran zai gamu da ita a rayuwarsa, amma a tsakanin baƙar fata ɗaya cikin huɗu ne, shi ya sa ake ba su shawarar fara tuntuɓar likita tun daga shekara 45. Wanda mahaifinsa ko ɗan'uwansa ya yi ta, haɗarinsa ya ƙaru. Gwajin farko jini ne kaɗan a sirinji. Na biyu shi ne wanda maza ke gudu, na yatsa ta dubura, wanda bai kai minti ɗaya ba, kuma dalilin bin ta nan shi ne shiyyar bayan da sankarar ke farawa tana jingine da bangon dubura, yatsa yana iya jin tauri ko ƙulli a wurin. PSA yakan hau saboda kumburin tsufa ko ƙwayoyin cuta ba tare da sankara ba, don haka hawansa ba hukunci ba ne. Sai an yi hoto, an tsinko ɗan nama an duba a madubin likita, sannan ake sanin wacce ce daga ciki.